Hannun Hagun Auta

Wata huɗu Auta ta yi tana riƙe da ƙaryarta ba tare da ta zube ba, sai ranar da suka je awon zobe.

Shagon mai zinaren ɗan ƙarami ne, amma fitilun cikinsa sun fi na ɗakin tiyata haske. Su uku ne a gaban teburin gilashin: ita, da Dogo, likitan dabbobin da ta ƙwallafa rai a kan aurensa, sai mahaifiyarsa Umma, wadda ta shekara talatin tana shugabancin makarantar 'yan mata. Har yau in ta kalli mutum ta saman tabarau sai ya fara laluben laifin da ya yi.

"Ɗora min hannuwan duka biyu, ranki ya daɗe," in ji mai zinaren. "Wani lokacin yatsun ba sa zuwa daidai."

Auta ta ɗora su gefe da gefe ba tare da tunanin komai ba.

Sai da hasken ya sauka a kansu sannan ta ga bambancin. Na daman ya yi duhu, rana ta gasa shi. Na hagun kuwa fes yake tun daga yatsu har wuyan hannu, inda wani layi ya raba kamar da rula aka ja. Mai buga golf safar hannu guda yake sawa, a hagu. Ita da take kallon hannuwanta kullum ba ta taɓa lura sun rabu haka ba.

"Ikon Allah!" Mai zinaren ya yi dariya. "Ɗayan aro kika yi ne?"

Dogo ya taya shi dariyar. Umma ko murmushi ba ta yi ba. Ta kama hannun hagun, ta juya shi, ta shafa kantar da ke gindin yatsun da babban yatsanta.

"Shekara ashirin da shida na yi ina miƙa wa irin hannun nan kofin shayi," ta faɗa a hankali. "Ko a cikin dubu zan gane shi."

"Umma, me ya faru?" Dogo ya tambaya.

"Tambayi lauyarka." Ta saki hannun, ta ɗauki jakarta. "Malam, mayar da zobunanka. Ranar da hannuwan nan suka koma kala ɗaya sai mu dawo."

Ta fita. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita da take tsayawa gaban alƙali ba ta ƙifta ido, yau ta kasa ɗaga kai ta dubi mai shago.

Abin da ya faru tun farko shi ne, ranar da Dogo ya kai ta gaishe da Umma, tsohuwar ta yaba da komai nata. Da hira ta kai ga abin da take yi ranar Asabar, Auta ta faɗa da alfahari cewa golf take bugawa. Nan take fuskar Umma ta rufe. Ta ce ɗanta ba zai auri mai zuwa filin nan ba, ko ta bari ko a haƙura. Dogo ya yi roƙo har ya gaji. A ƙarshe Auta ce da bakinta ta ce, "Na bari, Umma." Ta faɗa tana kallon tsakiyar idonta, zuciyarta kuwa tana cewa wata tsohuwa ba ta isa ta raba ta da sandunanta ba.

*

A mota Dogo bai kunna inji ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon bangon da ke gabansu.

"Asabar nawa?"

Ta kawar da kai gefen taga.

"Auta, magana nake. Asabar nawa?"

"Duka," ta ce, muryarta can ƙasa.

"Duka." Ya gyaɗa kai. "Ni nake zuwa in ɗauke ki da sassafe in ajiye ki a ƙofar ofis. Kika ce shari'a ce ta sha muku kai. Har shayi nake haɗo miki a filas, ina jin tausayinki. In na juya sai ki yi yaya?"

"Jakar sandunan tana ɗakin fayil. Tasi nake hawa."

"Shayin fa?"

Hawayen da take dannewa suka ɓalle. "A fili nake sha."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "To, alhamdu lillahi, bai yi asara ba."

"Ka yi min faɗa mana, Dogo. Ka zage ni. Wannan sanyin naka ya fi duka ciwo."

"Me zan ce? Sati biyu da suka wuce Umma ta ce min jikinta yana ba ta ba ki bari ba. Na ce mata, Umma, yarinyar nan tana da taurin kai, tana da baki, amma ba ta ƙarya. Har na ɗaga mata murya. Tunda aka haife ni ban taɓa ba sai a kanki."

Auta ta kifa kai a gwiwa tana kuka mai sauti.

"Tsoro na ji," ta ce. "In na faɗi gaskiya in rasa ka, in na bari in rasa kaina. Ka san a filin nan na tashi. Babana shekara talatin yana yanke musu ciyawa, ko sau ɗaya ba a taɓa ce masa shigo zauren kulob ka zauna ba. Da guntuwar sandar da wani ya yar ya koya min. Golf ne ya samo min gurbin karatu. Sai a ce min bari, kamar wadda ke shan taba?"

"Da kin faɗa min haka, da mun tsaya tare mun sha faɗan. Amma kika mai da ni direban ƙaryarki."

Ya kunna mota. Ya kai ta har ƙofar gidansu. Sai da ta sa ƙafa a waje ya ce, "Ina sonki, wannan ba ya canzawa. Amma ba zan sake yi wa Umma musu a kanki ba. Abin da ta yanke shi ne."

*

Yayarta tana guga a falo lokacin da ta ji labarin. Ta kife dutsen gugar ta riƙe haɓa.

"Hannu? Hannu ne ya tona ki? Duk digirinki?"

"Yaya, don Allah."

"To ai da sauƙi. Ki sa safa biyu, ko ki cire ɗayar ki bar rana ta gasa su tare. Wata ɗaya sun daidaita, ki kai mata ta duba da tabaranta."

Auta ta ɗago da sauri. Abin da ya fi ba ta kunya shi ne tun a mota wannan dabarar ta zo mata, har ta fara lissafin kwanakin.

"Ko kuma," Yaya ta ci gaba tana ninke riga, "ki daina wahalar da kanki. Ga Kyaftin ɗin kulob ɗinku, shekara biyu bawan Allah yana sintiri. Gida, mota, ga shi ba uwar da za ta duba miki hannu. Shi da kansa zai riƙe miki jaka. Me za ki ci da mai yi wa awaki allura?"

"Ba na son Kyaftin."

"So! Shi wanda kike son ai ga shi ya bar ki a bakin titi kina jan majina."

Auta ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Kwana uku tana zuwa aiki da hannun hagu a cikin mayafi kamar mai ciwo. Dogo bai kira ba. Kyaftin kuwa sau biyu yana turo saƙo, yana tuna mata cewa Asabar ce ranar ƙarshe ta gasar mata, kuma ita ce a gaba da bugu biyu.

Ranar Laraba da la'asar ta tashi daga ofis ta wuce gidan Umma ita kaɗai.

*

Ta same ta a baranda tana ba tukwanen furanninta ruwa. Auta ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. Umma ta amsa ba yabo ba fallasa, ba ta ce ta tashi ba.

"Umma, na zo in ce na yi miki ƙarya. Ba mantuwa ba ce, ba kuskure ba. Da gangan na yi, ina kallon idonki."

"Na sani."

"Ki yafe min."

"Yafiya mai sauƙi ce." Umma ta ajiye butar ta zauna a kujerar roba. "Kin san me ya sa na tsani filin nan?"

"Dogo ya ce Abbansu yana bugawa."

"Bugawa!" Ta cire tabarau ta goge da gefen zane. "Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa barinmu da yunwa ba. Amma duk Asabar in ya saɓi jakar nan sai ya ce, yanzu zan dawo. Yara su yi wanka su zauna da takalmansu a ƙafa, ya ce zai kai su yawo. Abinci ya huce in ɗumama, ya sake hucewa. Dogon naki a bakin taga yake barci da hularsa a kai."

Ta juya tana kallon titi.

"Wata Asabar aka aiko mahaifiyata ba lafiya, tana kirana. Tafiyar awa biyu ce, motar kuma guda ce. Na ce masa ya kai ni. Ya ce rami tara kawai zai buga, an riga an haɗa shi da mutane, kunya ce ya bar su. Yanzu zan dawo. Na yi shiri na zauna a kan akwati tun ƙarfe bakwai. Taran ta koma sha takwas, saboda wai hannunsa yana kyau ranar. Da muka isa an riga an rufe mata fuska. Da minti arba'in."

Auta ta toshe baki da mayafi, hawaye suna bin yatsunta.

"Ya yi kuka, ya ba ni haƙuri. Asabar uku ya yi a gida. Ta huɗu ya saɓi jaka." Umma ta mayar da tabaranta. "To sai ga ki, da hannunki irin nasa da bakinki irin nasa. In ba ki ɗana, in zauna ina kallon jikokina a bakin taga?"

"Ba zan zama haka ba, Umma."

"Shi ma bai yi niyyar zama haka ba." Ta dube ta ta saman gilashin. "Duk Asabar 'ya'yana da jikokina a nan suke karyawa, ƙarfe tara. Ki zo wannan Asabar ɗin ki zauna da mu, in ga ko kin iya."

Kalmar "to" ta zo har kan harshen Auta. Ta san in ta faɗe ta fuskar Umma za ta saki, ta kuma san daga nan za ta fara neman dabarar da za ta yi. Ta haɗiye ta da ƙyar.

"Ba zan iya zuwa ƙarfe tara ba."

Umma ta ɗaga gira.

"Asabar ce ƙarshen gasa, kuma zan buga. Ba zan bar golf ba, Umma, hannuwan nan ba za su koma kala ɗaya ba. In na ce miki za su koma, wata ƙaryar ce." Ba ta sunkuyar da kai ba. "Shida da rabi za mu fara. Zan zo nan ƙarfe sha ɗaya."

"Yarinya, a durƙushe kike amma tsaurin idonki a tsaye yake."

"Haka ake faɗa."

Umma ta daɗe tana kallonta.

"Sha ɗaya kika ce? Ba yanzu zan dawo ba?"

"Sha ɗaya."

"To. Agogon falona ba ya gaba ba ya baya. In ya buga sha ɗaya ba ki a ƙofar nan, kada ki ƙwanƙwasa, kada ki kira waya ki ba ni haƙuri, kada ki aiko kowa. Ki fita harkar ɗana. Kin yarda?"

"Na yarda."

"Tashi, kin jiƙa siket ɗinki da ruwan fure."

*

Lissafinta mai kyau ne: awa huɗu a fili, minti ashirin a hanya, ga ragowar minti goma. Abin da ba ta sa a ciki ba shi ne matan da ke gabansu. Tun daga rami na biyar suke ɓatar da ƙwallo a cikin dogayen ciyayi, su tsaya nema, kowa a baya ya jingina da sanda yana jira.

Ga shi kuma hannunta yana kyau. Ba ta taɓa buga wasa irin na ranar ba. Duk inda ta kalla nan ƙwallon ke sauka. Mutane suka fara barin wasu rukunan suna bin nata. A zauren kulob akwai allon katako da ake rubuta sunan wadda ta ci da ruwan zinare, a zauren da babanta bai taɓa zama ba. Tun tana 'yar shekara tara take leƙen allon nan ta taga.

A rami na sha shida ta aika ƙwallon ya tsaya taku uku daga tuta. Aka yi tafi. Tana gaba da bugu huɗu.

Ta duba agogo. Goma da minti talatin da biyu.

Saura wannan ramin da wasu biyu. Ko da gudu za a buga, sai an ci rabin awa. Ta tsaya da sanda a hannu, sai ta ji kanta tana cewa a zuci, ai tsohuwar za ta fahimta, minti ashirin ne kawai, kofi ne fa, in na kai mata ta gani da idonta... Hannuna yana kyau yau.

Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, don ta gane muryar wa take yi.

Ta taka zuwa wurin ƙwallon ta sunkuya.

"Barista!" Kyaftin ne, yana bin rukuninsu a matsayin alƙalin wasa. Ya matso da sauri. "Ba ki sa alama ba. Sa alama kafin ki ɗaga."

"Ba dawowa zan yi ba."

"Me? Ciwo kika ji?"

"Ana jirana."

"Wa ke jiranki da ya fi wannan? Bugu huɗu fa! Ko da ido a rufe kin ci." Ya rage murya. "Mutanen likitan dabbobin nan ne ko? Tun ba a je ko'ina ba sun fara sa ki zubar da kofi. Ni da zan sa miki fili a bayan gida in kina so."

"Na gode, Kyaftin. Ka samo wanda zai ci gaba da rubuta wa abokiyar wasana katin maki, na sa hannu har rami na sha biyar."

Ta ɗauke ƙwallon ta jefa a aljihu, ta miƙa masa katin. Ta juya ga matar da suke bugawa tare ta ce ta yi haƙuri. Matar ko kallonta ba ta yi ba.

Tafiyar daga nan zuwa bakin ƙofa ita ce mafi tsawo a rayuwarta. Ta ratsa ta tsakiyar 'yan kallo tana jan keken jakarta, ana darewa ana binta da ido. Ta ji wata tana cewa, "Tsoro ta ji." Wani ya ce, "Dama irinsu ba sa ƙarasawa." Ba ta waiwaya ba. Hawaye suna zuba, ba ta da hannun sharewa.

A tasi ta riƙa kallon agogo tana roƙon direba. Danja biyu suka tsayar da su. A bakin layin su Umma wata motar kaya ta tare hanya tana sauke buhuna. Auta ta biya, ta fizgo jakar ta saɓa a kafaɗa, ta kwasa da gudu, sandunan suna kaɗawa a bayanta, masu shaguna suna leƙowa.

Ba ta kai ga ƙwanƙwasawa ba aka buɗe ƙofar.

Umma ce a tsaye, da alama ta daɗe a wurin. Ta bayanta Auta ta hango dogon tebur da yara kewaye, da Dogo a can ƙarshe ya miƙe tsaye da cokali a hannu. Agogon bango yana nuna saura minti uku.

Umma ta dube ta daga sama har ƙasa: hular rana a karkace, gumi, safar da ta manta ba ta cire ba, jakar da ke neman kayar da ita.

"Ina kofin?"

"Babu." Auta tana haki. "Ban ƙarasa ba."

"An cinye ki ke nan."

"Ina gaba da huɗu. A na sha shida na ɗauke ƙwallona."

Umma ba ta taɓa taka filin golf ba, amma ta zauna da mai bugawa tsawon da ya isa ta san abin da hakan ke nufi. Ta kai hannu ta gyara tabaran da ba su karkace ba.

"Da huɗu," ta maimaita.

"Eh, Umma."

Tsohuwar ta juya kai ta cikin gida. "Kai Dogo, ka tsaya kana kallona kamar an dasa ka? Zo ka karɓi jakar matarka, ta fi ƙarfinta."

Sannan ta matsa gefe ta ba ta hanya.

"Ke kuma cire takalman nan masu ƙusa tun daga nan. Ba a shigar min falo da su."